Uba Mai Kwal da Amin ɗin da Ya Riƙe

A Ƙauran Namoda, in aka yi mutuwa a unguwa, kafin masu haƙa su dawo daga maƙabarta za ka tarar Uba Mai Kwal ya riga kowa zama a ƙofar gidan, ya jingine kekensa da bango, ya tuɓe takalmansa na roba. Ba ya fashin ta'aziyya. Gidan attajiri ne, gidan ɗan dako ne, shi dai in ya ji zai zo. Zai bi kowa ya ba shi hannu, ya ce Allah shi ba da haƙuri, Allah shi raya abin da ya bari. Amma da zarar wani ya ɗaga murya ya ce, "Allah shi jiƙanshi, Allah shi sa Aljanna ta makoma," wuri ya ɗauka da amin, sai ka ga bakin Uba a rufe gam, idonsa a kan tabarma.

Tun ana jin haushinsa har aka gaji aka koma tsokana. Abokan wasansa kan ce, "Uba, yau ma gida ka baro amin ɗin?" Shi kuwa ko gezau. Sai ya ce, "Ba ni hwaɗin abin da ban yarda da shi ba, ko da kalma guda ta." In aka roƙi ruwan sama, amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi. In aka yi wa jariri addu'a, haka. Ta mamaci ce kaɗai ba ya amsawa.

Dalili kuwa, Uba Kirista ne, kuma irin Kiristan da ya ɗauki maganar wuta da gasken gaske. A wurinsa akwai hukunci bayan mutuwa, wuta ce ta ainihi mai ƙuna, ba ta da ranar mutuwa, kuma wanda ya shige ta ya shiga ke nan. Da numfashi ya yanke an rufe ƙofa, addu'ar masu rai ba ta ƙara komai ba ta rage komai. Kada ka ce Musulmi kaɗai yake yi wa haka. Ranar da matarsa Saratu ta rasu, maƙwabta suka cika gidan suna Allah shi jiƙanta, mutumin nan hawaye na bin gemunsa amma bai amsa ba. Abin da ya ce kawai, "Ta riga ta isa inda za ta."

Kuma kada ka zaci baƙo ne da jirgi ya sauke. Haifaffen Banga ne, ɗan Muhtari manomi, a gonar gero ya yi wayo, ya yi makarantar allo daidai gwargwado. Yana da shekara ashirin ya gudo Ƙaura, lokacin tashar jirgin ƙasa na tashenta, buhunan gyaɗa jibge har sun fi gini tsawo. Ya fara da dako, aka ga ƙarfinsa aka ɗauke shi reluwe, a ƙarshe aka ɗora shi a kan jirgi yana zuba kwal. Aikin ke nan: ka tsaya bayan direba da shebur, ka buɗe ƙofar murhun, ka watsa kwal, ka rufe, ka sake, tun daga Ƙaura har Zariya. Daga nan sunan ya bi shi, har yau da babu jirgin kwal ko ɗaya a ƙasar.

A shekarar 1959, suna hawan wani tudu kafin Gusau, ya buɗe ƙofar murhun sai iska ta bugo wutar ta dawo masa. Ta kama hannunsa na dama tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Direban, wani mutumin kudancin Zariya mai suna Habila, ya fizgo shi ta wuyan riga ya juye masa bokitin ruwa. Duka-duka abin bai wuce ƙiftawar ido uku ba, amma wata uku Uba ya yi a gadon asibiti, fatar hannun ta warke a tattare, baƙa da fara, ba gashi.

Maganar wutar lahira ba baƙuwa ba ce gare shi, tun yana riƙe da allo ya san ta. Zafinta ne bai sani ba sai a ranar. Yana kwance yana ta juya abu ɗaya a ransa: ƙiftawa uku ke nan ta yi masa haka, to ina ga wadda ba a fizgo mutum? Habila kan zo duba shi duk ranar da ba shi da aiki. Shi ya ba shi labarin wani mai arziki da ya mutu ya tsinci kansa cikin wuta, yana roƙon a tsoma kan yatsa a ruwa a ɗiga masa a harshe, aka ce ba hali. Shi ne kuma ya ce masa akwai wanda ya riga ya shiga tsakanin mutum da wutar, Yesu Almasihu, mai fizgo duk wanda ya miƙa masa hannu. Uba ya dubi hannunsa, ya dubi Habila. Shekara na zagayowa aka yi masa baftisma.

Da ya je Banga ya faɗa, Malam Muhtari bai yi ihu ba. Ya dai nuna masa ƙofa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Uba ya fito, ba wanda ya raka shi. Sai da ya kai bakin gonarsu ta ƙarshe ya ji gudu a bayansa. Ƙanwarsa ce Kulsumu, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda yake kira Kulu, budurwa a lokacin, riƙe da ƙwaryar fura tana zuba a hanya. Ta tsaya tana haki, idonta jawur.

"Yaya, wuta za ka," in ji ta.

"Daga gare ta nika gudu, Kulu. Ke ma ki taho."

"Allah shi kiyashe ni. Ungo, sha."

Ya sha. To, abin da suka yi ta yi ke nan har shekara arba'in, ba ƙari ba ragi.

Kulsumu ta yi aure a Zurmi, gidan wani Malam Jibrin. Tun Uba na aiki, duk hutun da ya samu can yake kai shi. Da aka kashe jiragen kwal ya bar reluwe, ya buɗe rumfar gyaran risho da fitila a Ƙaura, ran Alhamis ya bi mota ya ci kasuwar Shinkafi da kayan aikinsa. A lokacin ne ya tsayar wa Zurmi rana, Asabar ɗin farkon kowane wata. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya je. Zai yi sallama, ta shimfiɗa masa tabarma gindin darbejiya, ta dama fura da hannunta. Sai ya sha ya goge baki, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ajiye tabon nan a kan gwiwa inda za ta gan shi da kyau, ya fara. Ya gaya mata wuta gaskiya ce, ya gaya mata sallarta da azuminta ba za su biya ba, sai Mai Ceto. Ita kuwa tana tsinkar zogale ko tana gyaran wake, ba ta katse shi.

In ya kai aya sai ta ce, "Ka ƙare? To ni ma ji nawa." Ta kwashe shi tas. Ta ce ya bar hanyar iyaye ya ba Allah ɗa, wutar da yake ba ta tsoro da ita shi take jira, kuma ta ninka ta jirginsa sau saba'in. Ta ce kalma guda ce tsakaninsa da tsira, taurin kai ya hana shi. Wani lokaci su rabu da dariya, wani lokaci da kuka. Malam Jibrin, Allah ya ba shi sanyin hali, in ya gifta sai ya kaɗa kai ya ce, "Ku biyun ga kun ishi juna."

Matan unguwa sun sha ba ta shawara ta ware masa ludayinsa daban. Ta ce nono guda suka sha, ba ta ga abin da ludayi zai raba ba. In ya ajiye, da shi take shan sauran. Bayan kowace salla sunansa take fara kira a kan Allah ya shirye shi. Shi kuma kowace safiya, kafin ya buɗe rumfa, sai ya durƙusa ya kira nata. Babu abin da Uba yake tsoro a duniya kamar a ce Kulu ta mutu bai ciwo kanta ba.

Da aka ba Zamfara jiha a 1996, har da Uba a masu murna, ya ce an daɗe ana kai wa Sakkwato gaisuwa. Shekara uku bayan haka aka yi shelar Shari'a a Gusau, motoci suka yi ta kwasar jama'a daga Ƙaura suna kabbara. An ce abin bai shafi wanda ba Musulmi ba, amma tsoro ba ya jiran bayani. 'Yan kasuwa da yawa na cocinsu suka tura mata da 'ya'ya gida, bencina suka fara zama wayam. Fasto, wani matashi mai hankali da aka turo daga nesa, ya tara dattawa ya ce lokaci ne na taka-tsantsan. Da aka watse ya riƙe Uba.

"Baba Uba, abu biyu nake roƙo," in ji fasto. "Tafiyar nan ta Zurmi a ɗan jingine ta. Sannan in ka je ta'aziyya, ka amsa amin ɗin nan. Ladabi ne kawai, Allah ya san zuciyarka."

Uba ya dube shi sama da ƙasa, ya naɗe hannun riga. "Fasto, kai wa'azinta kaka yi, ni taɓa ta niy yi. In wutag ga gaskiya ta, ƙaƙa zan zauna Ƙaura ina gyaran lagwani ƙanwata na Zurmi? In kuma ba gaskiya ba ta, hwaɗa mani yanzu in ɗauki kekena in tahi gida, kai ma ka nemi wata sana'a."

Fasto ya ce gaskiya ce mana, wa ya ce ba gaskiya ba ce, amma ai akwai hikima.

"Hikimar tsoro dai," in ji Uba. "Masu gudu suna da garin da za su. Ni Banga anka binne cibiyata, ina za ni?"

A Zurmi ma abubuwa sun sauya. Malam Jibrin ya riga ya rasu, gidan ya koma hannun babban ɗansu Shamsuddeen, malamin Islamiyya. A kan cinyar Uba ya girma, ya sha raken Ƙaura har ya gaji, amma yanzu magidanci ne da gemu, kuma yana cikin waɗanda suka karɓi Shari'a da zuciya ɗaya. Wata Asabar ya tare kawunsa a zaure, cikin ladabi, ya ce zumunci dai a zo a yi, amma wa'azin nan a riƙa barinsa a tashar mota, zamani ya canza, mutane na magana.

"To mi zan kawo, Shamsu?" in ji Uba. "In ga gobara bisa rufin ɗakinku in shigo in ce ina kwana?"

Daga cikin gida muryar Kulsumu ta taso. "Shamsu, ba shi hanya! Gidana na. Shi hwaɗi nashi in hwaɗi nawa." Shamsuddeen ya kauce, amma daga ranar in kawunsa ya zo sai ya sa takalmi ya bar gidan.

Cikin daminar shekarar 2000, gero ya fara fitar da kai, wani direban Zurmi ya tsaya a rumfar Uba da safe ya ce a zo, jikin Kulsumu ya yi tsanani. Ko rumfar bai rufe ba. Da hantsi ya isa, ya tarar da ita kwance a ɗaki ta zama 'yar mitsitsiya, 'yarta Naja'atu na yi mata fifita, Shamsuddeen na zaune wajen kanta da carbi. Uba ya durƙusa. Ya san ɗan na ji, ya san abin da zai iya biyo baya, bai rage murya ba.

"Kulu, ni na. Saura kaɗan a ruhe ƙohwa. Ki kira sunan Yesu, ko cikin zuciya. Don Allah, Kulu."

Ta buɗe ido da kyar, har da ɗan murmushi. "Yaya, har yau?"

"Har yau."

"Ni ma har yau," in ji ta. "Ka yi kalmar shahada in gani da idona in tahi da daɗi."

Ya girgiza kai. Ita ma ta girgiza nata. Can ta ce ƙishirwa. Naja'atu ta kawo ruwa a cokali, amma maƙogwaron ya ƙi, ruwan ya bi gefen baki ya jiƙa matashi. Uba ya karɓi kofin, ya tsoma yatsan hannunsa mai tabo ya shafa mata a leɓe. Yana cikin yi labarin nan na Habila ya faɗo masa, na mutumin da ya roƙi ɗigo guda aka hana shi. Bai daina ba. Ya yi ta tsomawa yana ɗiga mata, yana tsomawa yana ɗiga mata, kamar mai son ya shayar da ita na shekarun da ba su da iyaka.

Bayan azahar numfashinta ya fara sarƙewa. Shamsuddeen ya sunkuya yana laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa, ta faɗe ta tiryan-tiryan. Uba ya ji da kunnensa, babu yadda zai yi daga baya ya ruɗi kansa ya ce wataƙila. Kafin la'asar an yi mata sutura. Da aka jeru salla ya koma baya ya tsaya shi kaɗai gindin bango, da aka ɗauki makara ya sa kafaɗarsa, a bakin kabari ya zuba ƙasa da hannu biyu.

Sai zaman makoki. Ga al'ada, babban namiji a dangin mamaci shi ake sa wa a gaba ya karɓi gaisuwa, kuma duk dangin Banga babu wanda ya kai Uba shekaru. Wani tsoho mai suna Maigari, aminin marigayi Malam Jibrin, shi ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kan tabarmar farko, Shamsuddeen a damansa. Mutanen Zurmi kuwa ba su san halin Uba ba kamar na Ƙaura. Mutum na farko ya durƙusa ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah shi jiƙanta, Allah shi gahwarta mata." Ya jira. Shiru. Bawan Allah ya zaci tsohon kurma ne, ya matso kunnensa ya sake kwarara addu'ar da ƙarfi. Uba ya ce, "Na gode. Allah shi ba mu haƙuri." Mutumin ya tashi yana waiwaye.

Kafin magariba labari ya zaga gari. Washegari har da waɗanda ba su san Kulsumu ba suka zo, don dai su ga tsohon da ya ƙi yi wa ƙanwarsa amin. Wasu su maimaita addu'ar sau uku suna kallon bakinsa. Wasu su tsallake shi su ba Shamsuddeen hannu. Ana ta ƙus-ƙus a bayan rumfa, wai a shekarar da aka tsayar da Shari'a a ce an zaunar da irin wannan a gaban makokin Musulma.

Abin da ba su sani ba, a duk rayuwarsa Uba bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so ya faɗi kalmar nan ba. Duk wanda ya ce Allah shi sa ta huta, sai ya ji amin ta taso masa tun daga ciki ta tokare a maƙogwaro. Wa ya fi shi son Kulu ta huta? Ya riƙa cije leɓe har ya fashe. Abincin da aka fito da shi bai taɓa ba, ruwa ma in ya kai kofi baki sai ya tuna ya ajiye.

Ran uku da safe aka yi addu'a, malamai suka cika rumfa, jama'a har bakin titi. Aka ɗaga hannuwa, Uba ya bar nasa a kan gwiwa. Ana shafawa Shamsuddeen ya juyo, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Kawu, kwana uku jama'a na yi ma innata addu'a kana zaune kamar kututture. Na yi haƙuri ya ƙare. Hwaɗa mani gaban mutane, ina innata take?"

Wasu samari a baya suka miƙe tsaye. Uba ya ɗago kai a hankali.

"Shamsu, ni mai zuba kwal na. Ba a ba ni makullin Aljanna ba, ba a ba ni na wuta ba."

"Kada ka zille mani, Kawu."

"Ba ni zillewa. Abin da niy yarda da shi ka san shi, tun kana rarrahe kaka jin shi gindin darbejiya. Wuta gaskiya ta, ba ta da ƙarshe, kuma hanyar tsira guda ta, Almasihu. Innarka ta ji ta ce a'a, har ranar ƙarshe. Tsoro nika ji mata, Shamsu, irin wanda ban taɓa ji ma kaina ba."

Aka ɗauki salati. Wani ya ce a fitar da shi. Uba bai ko dubi wajen ba. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ɗaga tabon nan sama, hawaye na zuba.

"Da amin na hidda mutum daga wuta, da tun shekaranjiya nika hwaɗinta har harshena shi tsage. Da ana karɓar hannu, da na ba da wanda yar rage. Amma ba ta hiddawa. In na hwaɗa, ku za ku ji sanyi, ni ko na yi ƙarya bisa kabarin Kulu, ita da ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Ido cikin ido taka ce mani wuta za ni, da ludayi a hannunta." Ya sauke hannun, ya juya ya fuskanci ɗan ƙanwarsa sosai. "Kai kuma in tambaye ka, ga malamanka nan. In na mutu gobe, za ka ce Allah shi jiƙan Kawu?"

Shamsuddeen ya buɗe baki. Duk wanda ke rumfar ya san amsar, domin ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara, shi kansa ya sha koya wa ɗalibansa haka. Ya dubi tsohon da ya goya shi a wuya ya kai shi kallon jirgi, bakinsa na motsi, ba abin da ya fito.

"Ba ka cewa," in ji Uba. "Kuma za ka so ka ce. Ranar za ka san abin da niy yi kwana uku ina haɗiya."

Shamsuddeen ya ja hular kansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka kama girgiza. Samarin nan suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin yi. Tsoho Maigari ne ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce an yi addu'a an ƙare, kowa ya kama gabansa, Allah shi ba da lada. Jama'a suka watse a hankali. Uba ya sauke hannun rigarsa, ya nemo takalmansa, ya taka zuwa tasha shi kaɗai, ba wanda ya tare shi ba wanda ya raka shi.

Labarin ya riga shi isa Ƙaura. Fasto ya zo har rumfa ya yi masa gaisuwa, ya ce to, yanzu dai Zurmi ta ƙare, sai a zauna a huta. Uba yana fama da wani risho da ya toshe, ya ci gaba da aikinsa.

Asabar ɗin farkon wata na zuwa, da sassafe aka gan shi a tashar mota da rigarsa ta fita. Ya sauka Zurmi da hantsi, ya bi lungun da ya saba, mutane na leƙowa daga shaguna. A zaure ya tarar da Shamsuddeen zaune, takalmansa a ajiye gefe. Suka gaisa a taƙaice.

"Kawu, wadda kaka zowa dominta ba ta nan."

"Na sani. Wurinka niz zo."

Shamsuddeen ya leƙa cikin gida ya kira Naja'atu, ya ce a shimfiɗa tabarma gindin darbejiya. Ta fito da ƙwaryar fura, ludayin uwarsu a ciki, guda ɗaya. Uba ya sha ya goge baki ya ajiye, Shamsuddeen ya ɗauka ya sha.

"In ka ƙare naka, Kawu, ni ma ina da nawa."

"Ai na sani," in ji Uba, ya fara naɗe hannun rigarsa.